Tallafin gwamnatin Amurka ga binciken zamantakewa, halayyar ɗan Adam da harsuna: asalinsa, tsarinsa da masu iya samunsa

A kowace shekara gwamnatin tarayyar Amurka tana ware wani kaso na harajin jama'arta domin malaman jami'o'i su binciki yadda ɗan Adam yake tunani, yadda yake magana, da yadda yake zama da 'yan uwansa. Babbar ƙofar da wannan kuɗi ke bi ita ce Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NSF, mai hedikwata a birnin Alexandria na jihar Bajiniya, daura da Washinton. A shekarar kuɗi ta 2024 kasafin gidauniyar ya ɗan haura dala biliyan 9. Abin da ya faɗa hannun babban sashen da ke kula da kimiyyar zamantakewa, halayya da tattalin arziki, wanda ake taƙaita sunansa da SBE, bai wuce kimanin dala miliyan 300 ba, wato ƙasa da kashi 4 cikin ɗari. Shi ne auta a manyan sassan bincike na gidauniyar.

Ƙanƙantar kason ba ta rage masa nauyi ba. A ƙididdigar gidauniyar kanta, fiye da rabin abin da gwamnatin tarayya ke kashewa a kan bincike na tushe a waɗannan fannoni a jami'o'in ƙasar daga wannan sashe yake fitowa. Masanin sinadarai ko na magunguna yana da kamfanoni da wasu ma'aikatu da zai ƙwanƙwasa wa ƙofa. Mai nazarin nahawun harshen da mutum dubu biyar ke magana da shi kuwa, in wannan ƙofa ta rufe, kaɗan ne suka rage masa.

Yadda aka shiga a raɓe

Tarihin gidauniyar ya faro ne daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Yulin 1945 Vannevar Bush, injiniyan da ya jagoranci ofishin binciken kimiyya na gwamnati lokacin yaƙin, ya miƙa wa Shugaba Harry Truman rahoto yana ba da shawarar a kafa hukuma ta dindindin da za ta riƙa ɗaukar nauyin binciken kimiyya a lokacin zaman lafiya. Hankalin Bush yana kan lissafi, kimiyyar zahiri, magani da makamantansu. Sanata Harley Kilgore, wanda ke da nasa ƙudurin a Majalisar Dattawa, ya so a haɗa har da kimiyyar zamantakewa. Da batun ya zo gaban majalisar a 1946, sai aka kaɗa ƙuri'a aka cire ta. Wasu 'yan majalisa na ganin nazarin al'umma ra'ayi ne kawai da aka yi wa rigar kimiyya, wasu kuma suna danganta shi da aƙidar gurguzu, wadda a wancan zamani ambatonta kaɗai ya isa ya kashe ƙuduri.

An ci gaba da ja-in-ja har Truman ya hau kujerar na-ƙi a kan ƙudurin 1947, saboda saɓani a kan wanda zai riƙa naɗa shugaban hukumar. Sai a ranar 10 ga Mayun 1950 ya sa hannu a dokar da ta kafa NSF. Dokar ta jero fannonin da za a tallafa wa, su lissafi, kimiyyar zahiri, magani, nazarin halittu da injiniyanci, sannan ta ƙara da 'yan kalmomi masu nufin "da sauran kimiyyoyi". A ƙarƙashin wannan 'yar rumfa masu nazarin zamantakewa suka raɓa. Doka ba ta hana a ba su ba, ba ta kuma tilasta a ba su ba.

Wani masanin zamantakewa mai suna Harry Alpert, wanda gidauniyar ta ɗauka aiki a 1953, shi ya fara buɗe hanya, cikin taka-tsantsan. Dabararsa ita ce a fara da binciken da ya fi kama da kimiyyar zahiri, mai awo da lissafi, a kauce wa duk abin da ya taɓa addini, launin fata, jima'i ko siyasa. Da haka aka samu ofishin kimiyyar zamantakewa a 1958, ya zama reshe a 1960. A 1968 majalisa ta yi wa dokar kwaskwarima ta ambaci kimiyyar zamantakewa ƙarara. Amma sai a 1991 fannonin suka samu babban sashe nasu na kansu, bayan sun shafe shekaru a ƙarƙashin inuwar sashen nazarin halittu, aka kuma naɗa Cora Marrett, masaniyar zamantakewa, ta zama shugabar sashen ta farko. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tsakanin kafa gida da ba wa bora ɗakinta.

Wannan asali ya bar tabo. Har yau binciken da ke da ƙididdiga da gwaji ya fi saurin karɓuwa a gidauniyar a kan wanda ya dogara da fassarar nassi ko sharhin tarihi. Irin wannan na biyu an bar wa wata hukuma, Asusun Tallafa wa Fannonin Adabi da Al'adu na Ƙasa, wato NEH, wanda aka kafa a 1965, kasafinsa kuma a 2024 dala miliyan 207 ne kacal.

Farmakin da ba ya ƙarewa

Kusan kowane shekara goma sai wani ɗan siyasa ya ɗaga sanda a kan wannan kaso. A watan Maris na 1975 Sanata William Proxmire na jihar Wisconsin ya ƙirƙiro wata lambar yabo ta ba'a da yake bai wa hukumar da a ganinsa ta fi kowa almubazzaranci da dukiyar jama'a a wata. Wadda ta fara karɓa ita ce NSF, saboda dala 84,000 da ta bayar domin binciken yadda soyayya ke ƙulluwa tsakanin mutane. Masu binciken, Ellen Berscheid da Elaine Hatfield, sun sha zagi da wasiƙun ɓatanci, alhali daga baya aikinsu ya zama ɗaya daga cikin tubalan nazarin dangantakar ma'aurata. Dabarar sanatan mai sauƙi ce, ta kuma yi jikoki: a ɗauko taken bincike, a karanta shi a bainar jama'a ba tare da bayaninsa ba, a bar dariya ta ƙarasa aikin.

A 1981 gwamnatin Ronald Reagan ta nemi a zaftare kashi 75 cikin ɗari na kuɗin binciken zamantakewa da tattalin arziki. Wannan ya sa ƙungiyoyin masana suka haɗa kai suka buɗe ofishin fafutika a Washinton, COSSA, wanda har yanzu yake kai-komo a majalisa. A tsakiyar shekarun 1990 shugaban kwamitin kimiyya na Majalisar Wakilai, Robert Walker, ya nemi a rushe sashen ɗungurungum, bai yi nasara ba. A 2013 Sanata Tom Coburn ya samu abin da magabatansa suka kasa: an shigar da sharaɗi a dokar kasafi cewa ba za a tallafa wa binciken kimiyyar siyasa ba sai shugaban gidauniyar ya tabbatar yana da amfani ga tsaron ƙasa ko tattalin arzikinta. Gidauniyar ta soke zagayen karɓar takardun fannin na watan Agustan shekarar, sharaɗin kuma bai fita daga doka ba sai a farkon 2014.

Masu kare sashen sukan mayar da martani da misalai masu kuɗi a jiki. Tsarin gwanjon da hukumar sadarwar Amurka ta fara amfani da shi a 1994 wajen sayar da zangon iska ga kamfanonin waya ya samo asali daga aikin Paul Milgrom da Robert Wilson, waɗanda suka ci lambar Nobel a 2020, ya kuma shigar wa baitulmali biliyoyin daloli. Hanyar musayar ƙoda tsakanin iyalan da jininsu bai dace da na majinyacinsu ba ta fito daga aikin Alvin Roth da abokan bincikensa. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta ci Nobel a tattalin arziki a 2009, ta nuna cewa makiyaya, masunta da manoman rani suna iya tsara dokokin rabon makiyaya da ruwa a tsakaninsu su kuma kiyaye su tsawon zamani, ba sai gwamnati ko ɗan kasuwa ya karɓe ba. Dukkansu sun ci gajiyar tallafin NSF. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai tana da illa: tana koya wa 'yan majalisa auna bincike da abin da ya shigar aljihu, ma'aunin da ƙamus ba zai taɓa cikawa ba.

Abin da sashen ke ɗauka

A tsarin da aka daɗe a kansa, sashen yana da manyan rassa biyu na bayar da tallafi. Na farko yana kula da halayya da tunani: ilimin halayyar ɗan Adam, girman yara da koyonsu, aikin ƙwaƙwalwa, nazarin al'adun al'ummomi, tone-tonen kufai, labarin ƙasa da kimiyyar harshe. Na biyu yana kula da zamantakewa da tattalin arziki: ilimin zamantakewa, tattalin arziki, shari'a, siyasa, yadda mutane ke yanke shawara a halin kasada, da dabarun awo da ƙididdiga. Akwai kuma cibiyar ƙididdiga da ke tattara alƙaluman masana da kuɗin bincike a ƙasar, wadda ita ma daga wannan ɗan kaso take ci.

Wani ɓangare mai tsoka yana tafiya ga manyan binciken jin ra'ayi guda uku da aka daɗe ana maimaitawa. Ɗaya ya faro a 1968 a Jami'ar Mishigan da iyalai kusan 5,000, yana bin su da 'ya'yansu da jikokinsu domin a ga yadda talauci da arziki ke gadon juna. Na biyu, wanda wata cibiya a Jami'ar Shikago ke gudanarwa tun 1972, yana yi wa Amurkawa tambayoyi iri ɗaya a kan addini, aure, aiki da amincewa da hukuma. Na uku na zaɓe ne, tushensa a 1948, gidauniyar kuma ta karɓi nauyinsa a 1977. Darajar irin wannan aiki tana cikin rashin yankewarsa. Shekarar da aka tsallake ba a komawa a tambayi mutanenta.

Kimiyyar harshe da harsunan da ke shirin ɓacewa

Shirin kimiyyar harshe yana karɓar bincike a kan furuci, tsarin sauti, ƙirar kalma, ginin jimla da ilimin ma'ana, da kuma yadda yaro ke koyon harshen uwa, yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa magana, yadda harshe ke sauyawa daga zamani zuwa zamani, har da harsunan bebaye na hannu. An saba karɓar takardu sau biyu a shekara, tsakiyar Janairu da tsakiyar Yuli. Shirin ba ya ɗaukar aikin da manufarsa koyar da harshe a aji ko warkar da mai lalurar magana, domin waɗannan suna da nasu hukumomin.

A 2005 NSF da NEH suka fara bayar da tallafi na haɗin gwiwa domin taskace harsunan da ke fuskantar barazanar ɓacewa. Dalilin a bayyane yake: daga cikin harsuna kusan 7,000 da ake magana da su a duniya, masana na ƙiyasin cewa wajen rabi suna cikin haɗari. Kuɗin yana tafiya ne ga naɗar muryoyi da hotunan masu magana da harshen, rubuta abin da aka naɗa da fassara shi, haɗa ƙamus da nahawu, da mayar da tsofaffin kaset da littattafan masu bincike na da zuwa na'ura. An saba ba babban aiki har dala 450,000 na tsawon shekara uku. Sharaɗi mafi tsauri shi ne na ajiya: tun kafin a ba da kuɗi sai mai nema ya faɗi taskar da za ta karɓi abin da ya tara, da yadda masu harshen da sauran masana za su kai gare shi. An sa wannan sharaɗi ne saboda tarin kaset da suka ruɓe a ofisoshin malamai bayan rasuwarsu.

Daga Bajiniya zuwa Potiskum

Wannan kuɗi ya taɓa isowa arewacin Najeriya tun kafin a kafa shirin na musamman. A ƙarshen shekarun 1960 Paul Newman, wanda Hausawa suka laƙaba wa Malam Sabo, ya samu tallafin NSF domin kwatanta nahawun harsunan dangin Cadi, wato dangin da Hausa ta fito daga cikinsa. A ƙarƙashin wannan aiki wani ɗalibi mai suna Russell Schuh ya zauna a Potiskum tsakanin 1969 da 1970 yana nazarin harshen Ngizim. Schuh, wanda shi ma ya samu laƙabin Malam Takalmi, ya buga ƙamus na Ngizim a 1981, ya kuma yi shekaru masu yawa yana koyar da Hausa da kimiyyar harshe a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Newman kuwa shi ne daraktan farko na Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya a Kano, kuma babban littafinsa na nahawun Hausa, mai shafi fiye da 700, wanda maɗaba'ar Jami'ar Yale ta fitar a 2000, an yi aikinsa ne da tallafin NSF, NEH da Ma'aikatar Ilimi ta Amurka.

A farkon shekarun 2000 Schuh ya koma Yobe da sabon tallafi daga gidauniyar, tare da tsohon ɗalibinsa Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri, wanda Bolanci ne harshensa na gado. Aikin ya ɗauki harsuna biyar, Bade, Bole, Karekare, Ngamo da Ngizim, daga baya aka ƙara Duwai. Abin da ya bambanta shi da yawancin ayyukan da suka gabace shi shi ne cewa masu harsunan ne suka tattara kalmomi, tatsuniyoyi, karin magana da waƙoƙi, sunayensu ne kuma a bangon littattafan. An buga ƙamusoshin a Potiskum a 2004, aka sake fitar da su da ƙari a 2009, kowannensu da fassara zuwa Turanci da Hausa. Wato mutumin Gashuwa ko Fika yana iya samun littafin harshensa a kusa da gida, ba sai ya yi odarsa daga Turai ba. Schuh ya rasu a 2016.

Sa Hausa a waɗannan ƙamusoshi yana da dalili mai ɗaci. A yankin, Hausa ce harshen kasuwa, masallaci da makaranta, ita ce kuma harshen da yaran ƙananan ƙabilu ke komawa idan sun bar na iyayensu. Harsuna irin su Auyokanci da Teshenanci a ƙasar Jigawa ta yau, da Ajawa a ƙasar Bauchi, sun riga sun shuɗe, zuriyar masu su Hausa suke yi. A idon shirin taskace harsuna, Hausa ba ta cikin masu neman ceto, tana cikin masu haɗiye maƙwabta. Saboda haka malamin da ke son a tallafa masa a wannan shiri ya fi kusa da nasara idan ya fuskanci ɗaya daga cikin ƙananan harsunan Bauchi, Gombe, Filato, Adamawa ko kudancin Borno, inda iya Hausarsa za ta zame masa tsani wajen yin hira da dattawa.

Yadda ake nema da yadda ake tantancewa

Gidauniyar ba ta ba mutum kuɗi a hannu, sai a wasu guraben karatu. Jami'a ce ke shigar da takarda ta shafin gwamnati na intanet a madadin malaminta, ita ce ke karɓar kuɗin, ita ce kuma za a tuhuma idan lissafi ya ƙi. Takardar tana da taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya da cikakken bayanin aiki wanda bai wuce shafi 15 ba, sai kasafi da hujjarsa, tarihin masu binciken, da kuma, tun daga 2011, shafi biyu a kan yadda za a adana bayanai a kuma raba su da sauran masana. Idan binciken ya shafi mutane, ko da hira ce da tsohuwa a kan tatsuniya, sai kwamitin ɗa'ar bincike na jami'ar ya amince tukuna. A kan kuɗin aikin jami'a tana ɗora nata kason na gine-gine, wuta da ma'aikatan ofis, wanda a manyan jami'o'i yakan haura rabin kuɗin aikin kansa.

Tun 1997 ma'auni biyu ake amfani da su. Na farko shi ne ƙimar ilimi: me aikin zai ƙara a kan abin da aka riga aka sani, kuma ko hanyar da aka zaɓa za ta iya kai wa ga amsa. Na biyu shi ne amfanin da zai wuce da'irar masana, kamar horar da ɗalibai, samar da littafi ga al'umma, ko taimaka wa masu tsara manufofi. A al'adar da aka daɗe a kai, aƙalla masana uku daga wajen gidauniyar ne ke karanta kowace takarda su ba ta daraja a mataki biyar, daga mafi kyau zuwa mara kyau. Daga nan kwamitin masana ya zauna ya jera takardun, jami'in shirin ya ba da shawara, shugaban reshe ya sa hannu. Da yawa daga cikin jami'an nan malaman jami'a ne da aka aro na 'yan shekaru. Gidauniyar tana ƙoƙarin ba da amsa cikin wata shida, kuma a jimlace wajen takarda ɗaya cikin huɗu ce ke samun shiga.

Wanda aka ƙi takardarsa ana aika masa da sharhin masu tantancewa kalma da kalma, ba tare da sunayensu ba. Wannan na daga cikin abubuwa mafi amfani a tsarin gaba ɗaya, domin takardu da yawa da suka yi nasara sai a zagaye na biyu ko na uku suka samu, bayan an gyara su bisa wannan sharhi.

Wa ke iya samu

A nan ne masu nema daga ƙasashen waje suka fi ruɗewa. Ƙa'idar gidauniyar ita ce jami'o'i da cibiyoyin da ke cikin Amurka take ba kuɗi, ba safai take tallafa wa cibiyar waje kai tsaye ba. Ba ta tambayar fasfon malamin da ke jagorantar bincike, muddin jami'ar Amurka ce ta ɗauke shi aiki. Malamin da ke Zariya, Kano ko Yamai kuwa yana shiga ne a matsayin abokin aiki ko mai ba da shawara a aikin da takwaransa na Amurka ya nema, kuma idan ana son a tura wani kaso zuwa jami'arsa sai an kawo hujjar cewa yana da ƙwarewa, kayan aiki ko damar shiga wani wuri da ba za a samu a Amurka ba. A fannin harsuna wannan hujja ba ta da wuyar kafawa.

Ƙofa ta biyu ta ɗaliban digiri na uku ce. An saba bayar da ƙaramin tallafi na inganta binciken kundi, wanda ba ya duba ƙasar ɗalibi, illa dai ya kasance yana karatu a jami'ar Amurka. Malamin da ke duba shi ne ke nema a matsayin jagora, ɗalibin yana mataimaki. A kimiyyar harshe kuɗin aikin bai wuce dala 12,000 ba, na tsawon shekara biyu. Ba ya biyan kuɗin makaranta ko albashi, na tafiya ne, da sayen na'urar naɗar murya, da sallamar waɗanda suka ba da lokacinsu. Ga ɗalibin da zai koma ƙauyensu ya yi wata shida yana naɗar harshen kakanninsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Guraben da aka fi jin labarinsu kuwa a rufe suke ga baƙo. Gurbin karatun manyan digiri da gidauniyar ke bayarwa tun 1952, mai alawus na dala 37,000 a shekara har shekara uku, na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin. Haka ma gurbin bayan digiri na uku da wannan sashe ya saba bayarwa. Tallafin matasan malamai na shekara biyar, wanda ke farawa daga dala 400,000, sai mai riƙe da muƙamin koyarwa a jami'ar Amurka. Duk wanda ya ce zai samo wa mutum kuɗin NSF idan ya biya kuɗin rajista, damfara yake shiryawa, domin gidauniyar ba ta karɓar ko sisi a kan shigar da takarda.

Akwai wasu hukumomi a gefe. Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa, NIH, suna kashe kuɗi mai yawa a kan halayyar da ta shafi lafiya, suna kuma da cibiya guda tun 1988 da ke kula da kurumta da lalurorin magana. Ma'aikatar Ilimi ta daɗe tana riƙe da shirin koyar da harsunan waje wanda ya samo asali daga dokar 1958, bayan Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron Sputnik, kuma a ƙarƙashinsa aka daɗe ana koyar da Hausa a jami'o'i irin su Wisconsin da Indiyana. Ma'aikatar Tsaro ma ta sha neman masana zamantakewa, abin da bai taɓa rabuwa da zargi ba tun 1965, lokacin da aka soke wani shirin soja na nazarin musabbabin tawaye bayan asirinsa ya tonu a ƙasar Chile.

Girgizar 2025

Dawowar Shugaba Donald Trump mulki ta zo da sauyi mafi girma da sashen ya gani tun zamanin Reagan. A watan Maris na 2025 Ma'aikatar Tsaro ta sanar da dakatar da binciken zamantakewa da take ɗaukar nauyi. A watan Afrilu NEH ta soke tallafi fiye da 1,000 da ta riga ta bayar. A wannan wata NSF ta fara soke nata, su ma fiye da 1,000, galibi waɗanda suka shafi daidaito tsakanin jinsi da launin fata ko nazarin labaran ƙarya, shugabanta Sethuraman Panchanathan kuma ya ajiye aiki a ranar 24 ga watan, kafin cikar wa'adinsa na shekara shida. Yunƙurin taƙaita kason jami'o'i zuwa kashi 15 cikin ɗari ya gamu da cikas, inda wata kotun tarayya ta soke shi a watan Yuni. Rufe hukumar raya ƙasashe ta USAID a shekarar ya tafi da wata hanya da ta shafi Afirka kai tsaye, domin tun 2011 hukumar take da shirin da ke ba masanan ƙasashe masu tasowa kuɗi su yi aiki tare da waɗanda NSF ta tallafa wa.

A kasafin da fadar shugaban ƙasa ta gabatar na shekarar kuɗi ta 2026, ta nemi a rage kuɗin gidauniyar da kusan kashi 57 cikin ɗari zuwa dala biliyan 3.9, na sashen SBE kuma ya koma ƙasa da dala miliyan 100. Buƙatar shugaban ƙasa ba doka ba ce. Majalisa ce ke yanke adadin ƙarshe, kuma ta sha ƙin bin irin wannan buƙata a baya. A nan tsarin Amurka ya bambanta da na Asusun TETFund a Najeriya, wanda shi ma yake da rukunin tallafin bincike na fannonin adabi da zamantakewa, amma kuɗinsa daga harajin da doka ta ɗora wa kamfanoni yake fitowa. Na NSF kuwa sai an sake kaɗa masa ƙuri'a kowace shekara, a kwamitocin kasafi na majalisun biyu, domin shekarar kuɗin da ke farawa ranar 1 ga Oktoba.